Hutun Inna Dudu

Shekara arba'in Dudu tana bandar kifi a bakin ruwan Wara. Kullum sau uku take gangarawa wurin jirage, ta hauro da kwando a ka, ta leƙa gidan suna, ta leƙa gidan rasuwa. Ko Panadol ba ta san ɗanɗanonsa ba.

Sai ɗanta Almustapha ya yi kuɗi da fataucin kifi, ya gina gida a sabuwar unguwa can bayan Yelwa. Unguwa kuwa, wai unguwa! Katanga ta fi raƙumi tsawo, kowa ya kulle get kamar mai ɓoyon kayan sata. An sare kowace bishiya, an haƙa kwalbati an bar shi baki buɗe. Kasuwa sai da kabu-kabu, maƙwabci sai a waya. Can ya kwaso uwar tasa ya ajiye a kan tayil.

Kwana uku ta ɗauki mayafi za ta nemi inda mutane suke. Ya tare ta a bakin get.

"Haba Inna! A gan ki kina tafiya ƙasa, a ce mi? A ce Almustapha ya kasa hutar da uwa tai?"

Ta koma. Sau ɗaya ta saci jiki ta fita. Rana ta gasa ta, babu inuwar tsayawa, babu zaure ko ɗaya da za ta yi sallama a ba ta ruwa, mashin ya kusa tura ta kwalbati. Daga ranar ta haƙura, daga kujera sai gado, gaban talabijin.

Shekara biyu ƙafafu suka kumbura, gwiwa ta sandare, ga hawan jini. Dudu ta tsorata ƙwarai ranar da ta kasa miƙewa daga sujada.

A asibiti likita ya faɗa a gaban ɗan: "Maganin Inna tafiya ne. Ta riƙa takawa kullum, in ba haka ba ƙafar nan za ta tafi."

Dudu ta kama hannun ɗanta. "Ka maida ni Wara, ɗan nan."

Gogan ya gyaɗa kai kamar ya fahimta. Ranar Juma'a sai ga shi da keken guragu sabo fil, ko ledar ba a cire ba. Abokansa suka zo gani, suna ta sa masa albarka, wai samun ɗa irinsa sai an tona. Mutum biyu suka ɗaga ta suka ɗora a kai, aka ce ta yi murmushi za a ɗauki hoto.