Kofin Shayin Inna Kuramochi

Ƙarfe bakwai na safe Inna Kuramochi take isa ɗakin gwaji, ta sauya takalmi a bakin ƙofa, ta hau wanke gilasai. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana haɗa su bibbiyu, tana ɗura wani sinadari da ake kira ruwan kiristal a tsakaninsu. Masana su haska leza, wato siririn haske mai ƙarfi, ta ciki, zobban haske su fito a bango, su buga takardu da sunayensu. Nata sunan ko a ƙasan shafi ba ya fitowa. Dokarta ɗaya ce, kuma har Farfesa Inagaki, shugaban ɗakin, yana shakkarta: ba a shigo mata da shayi.

Ku tambayi ɗalibarsa Tsurumi. Shekara uku ta yi tana nazarin yadda zobban ke birkicewa in an ƙara ƙarfin haske, su bar kai-komonsu na tsari su shiga rawar da ba mai iya cewa ga inda ta nufa. A kan wannan digirinta ya rataya. Saura wata biyu ta miƙa aiki, Farfesa ya leƙo, ya taɓe baki.

"Wannan ai jirgin ƙasa ne ke girgiza miki tebur. Shekara uku kina auna jirgi, Tsurumi! A zubar."

Inna ta fice. Can sai ga ta da kofin shayin sha'ir cike taf, ta dire shi a kan teburin leza.

"Inna! Yau kuma ke ce da shayi?" in ji Farfesa.

"Malam, ni na kafa dokar, ni zan karya abata. Kai dai zuba ido."

Jirgi ya zo wucewa, shayi ya kaɗa. Jirgi ya yi nisa, shayi ya kwanta luf, amma zobban na ta haukansu a bango. Inna ta sa Tsurumi ta rage haske, suka nutsu. Ta ƙara, suka sake birkicewa, daidai inda suka birkice ɗazu. Har sau biyar.

Farfesa ya sosa ƙeya. "To, na janye. Ba jirgi ba ne."

Tsurumi ta sauke ajiyar zuciya. Ta zube a ƙasa tana dariya tana share hawaye. Inna kuwa ta ɗauke kofinta ta shanye.

Inna Kuramochi, ke ce mai hannun da ba ya rawa, mai gwadawa kafin a yanke hukunci. Ƙarshen watan Maris za ki ajiye aiki, kuma mun gode ƙwarai. Masu tasowa, ku koya daga gare ta: in an ce aikin wani banza ne, a gwada tukuna kafin a zubar.

Yau Dakta Tsurumi ke riƙe da ɗakin, dokar shayi tana nan daram. In kin zo sallama, Inna, ki buɗe kundin digirinta. Sunanki ne a shafin farko, a sama da na Farfesa.