Ƙwaryar da Ke Numfashi

A gidanmu na Abakpa burodi iri biyu ake ci. Akwai wanda Baba yake sayowa a Kawo in ya taso daga ofis, na fulawa da yisti da sukari da bota, mai laushi kamar auduga. Akwai kuma na Kaka, mahaifiyarsa: fulawa, gishiri, nono mai tsami da ruwan kanwa. Da zarar kanwa ta haɗu da tsamin nono sai kwaɓin ya taso nan take, ta juye a tukunya, garwashi sama da ƙasa. Yisti kuwa bai taɓa shiga ƙwaryarta ba.

Bayan magariba muke zagaye murhu, tana gashi tana tatsuniya. Kowace da waƙarta, ban da guda ɗaya.

Wata mata ce ɗanta zai yi tafiya. Ta so ta yi masa guzuri irin na 'yan birni, sai ta kwaɓa da yisti. Shi yisti abu ne mai rai, sai an ba shi sukari da ɗumi, an rufe shi, an jira. Ɗan ya leƙo ya ce mota ta cika. Ta ce ya ƙara haƙuri kaɗan. Ya yi dariya, ya ce ta ajiye masa, jibi yana hanya. Bayan fitarsa kwaɓin ya tashi. Har yau, in ji Kaka, in rana ta faɗi, mayafin da ke kan ƙwaryar yana yin sama yana yin ƙasa kamar ƙirjin mai barci.

Na ce, "Kaka, a zamanin tatsuniya akwai mota da yisti?"

"Ji min miji mai bakin tsiya! Kai kake bayarwa ko ni?"

Ta gyara garwashi. Ba ta ƙarasa ba.

Sai ranar da zan tafi makaranta Zariya Baba ya gaya mini a hanyar tasha cewa yana da ƙane, Sabi'u, direba, wanda ya tashi daga tashar Kawo bai isa inda za shi ba. A cinyata akwai burodin kanwa da zafinsa. Kaka ta gasa shi kafin in gama haɗa akwati, ta tare ƙofa, ta hana ni fita sai da ya shiga hannuna.

Yanzu matata da yisti take kwaɓi, kuma na san iska ce kawai take ɗaga mayafin. Duk da haka, ranar da yaro zai yi tafiya, ni nake fara tambayar inda aka ajiye kanwa.