Haƙarƙarin Tsinke

A Gure, ko wanda bai san Abarshi ba ya san karyarsa. Siririn dattijo ne mai saurin fushi, ya gaji farauta wurin mahaifinsa, ya shekara arba'in yana bin zomo tsakanin tuddan rairayi da kwaruruwan hanyar Gidigir. Ba ya riƙe bindiga, ba ya ɗana tarko. Kayan sana'arsa duka sanda ce da kare.

Karnuka da yawa sun wuce ta hannunsa, amma ta ƙarshen nan, Tsinke, ita ya ƙwallafa wa rai. 'Yar ƙarama ce mai dogayen ƙafafu, ciki a ɗame. In ta ƙyalla ido ta ga zomo, to sai dai ka zaro wuƙa. Abarshi kan ce gudun kare a akushinsa yake, don haka bai yarda da wasa a kan abincinta ba. Sau ɗaya take ci a yini, bayan la'asar: tsakin gero ludayi biyu, ba gishiri ba yaji, a kwarara nonon akuya a kai. Ranar da ta yi kamu a ba ta hanta. Kitse kuwa ko ƙamshinsa. Kullum da safe zai shafa gefenta da yatsu yana ƙirga haƙarƙari. In uku suka fito, lafiya lau. In biyu ne a rage ludayi, in huɗu ne a ƙara.

Mai dafa tsakin ita ce matarsa, Yakura, kuma ita ke shan gorin. Shekara da shekaru matan unguwa na yi mata habaici a bakin famfo, wai gidan da kare ya rame haka, ina ga mutanen ciki? Yakura kuwa macen da ba a shiga gidanta a fita ba a sha fura ba. Babu abin da ke ƙona mata rai irin a kira ta marowaciya. Ta sha faɗa wa mijinta, shi kuma amsarsa ɗaya ce: matan famfo ba su taɓa kama ko ɓera ba.

Ana nan sai yanar ido ta rufe wa Abarshi gani, har ya kai yana jin gudun Tsinke da kunne, ba ya gani. 'Yarsu Zaliha, da ke aure a Damagaram, ta zo ta tafi da shi likita. Ƙafarsa ɗaya cikin mota yana ta nanatawa, "Ludayi biyu, Yakura! Biyu na ce!" Aka yi aiki, ido ɗaya sannan ɗayan, Zaliha ta riƙe shi wata biyu cur.

Ya dawo ido tangaran. Yana sa ƙafa a ƙofar gida wata dabba mai sheƙi ta taso tana rangaji, tana kaɗa masa wutsiya.

"Karen wa ne wannan?"

"Haba Malam, ba a ce idon ya buɗe ba? Tsinke ce."

Ya durƙusa ya shafa gefenta. Ya danna, ya sake dannawa. Ko haƙarƙari ɗaya bai samu ba.

"Me kika ba ta?"

"Abin da muka ci. Sauran tuwo da miya, sai ɗan kitsen da mahauci ke aiko mata."

"Kitse! Yakura, kin kashe ni! Ludayi nawa na ce miki?"

"Biyu ka ce. Ni kuma shekara talatin ana nuna ni da baki a garin nan. Wata biyun nan ne kawai na ɗebi ruwa kaina a sama. Har Hamsatu, mai bakin nan, sai da ta ce ashe rowar ba tawa ba ce."

Saura kwana tara a fita farautar farko ta bayan kaka, wadda ya kwanta a gadon likita yana mafarkin gani da sabon idonsa. Ya mayar da Tsinke ludayi ɗaya, yana zagaye bayan gari da ita safe da yamma. Amma ba a fafe gora ranar tafiya.

Ranar farauta zomo ya tashi daga gindin kalgo, a gabansu ƙiri-ƙiri. Abarshi ya gan shi sarai, har kunnuwansa, ya saki igiya ya yi fito. Tsinke ta zabura, ta yi taki kamar ɗari, sannan ta karkata zuwa inuwar wata aduwa ta zauna, harshe a waje. Sha'ibu, tsohon abokin farautarsa, ya dafa shi yana dariya. "Abarshi, wannan tunkiyar layya ce ka kawo mana?" Wannan idon da aka gyara, abin da ya fara gani da shi a daji ke nan. Da ya sani, in ji shi, da ya bar yanarsa.

Duk da haka bai fid da rai ba. Kitse dai yana narkewa, wata biyu na tsaki zai mayar da ita yadda take. Da la'asar ya dafa da hannunsa, ya auna ludayi, ya zuba nono, ya ajiye akushin a gindin darni inda ta saba ci. Ya yi fiton da ta sani tun tana 'yar kwikwiya.

Tsinke na kwance a ƙofar madafa, inda Yakura ke tuƙa tuwo. Ta ɗaga kai ta dube shi, ta dubi akushin, ta kaɗa wutsiya sau ɗaya don kara. Sannan ta mayar da haɓarta ƙasa, idonta a kan muciyar Yakura.

Ya sake yin fito. Kaji ne suka zo.