Ɗan Fari

Na shekara da yawa ina koyar da dabarun shawo kan mutum a wata lise, wato makarantar sakandare, a Yamai. Abu uku nake rubutawa a allo: mutuncin mai magana, hujja, da taɓa zuciya. Nakan ce wa yara su je kasuwar Petit Marché su saurari mai tumatir, duk ukun tana zubawa kafin ka ce albarka. Suna dariya, ni ma ina yi. Da yamma in koma unguwar Talladjé, in buɗe ɗakin da ba kowa tun rasuwar matata.

Abin da nake so bai wuce ɗaya ba: mahaifiyata ta baro Dogonduci ta zauna wurina. Amma ni ɗan fari ne. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta yi mini doguwar magana. Kirista ce tun ƙuruciya, kunyar ɗan fari dai tana nan. In na kira, ƙanwata take miƙa wa waya.

Wata rana na ba aji aiki: su shawo kan wata tsohuwa ta dawo birni wurin ɗanta. Ban ce tawa ba ce. Wani ya kawo likita da ruwan famfo. Wani ya ce ɗan ya sa limami ko fasto ya yi mata magana. Wata yarinya a baya ta ce, "Malam, ya gaya mata kaɗaici ya dame shi mana."

Na ce wannan taɓa zuciya ke nan, na rubuta a allo.

Ran Lahadi bayan sujada na kira gida. Na bi darasina daki-daki, na fara da asibiti, na ƙare da abin da ban taɓa furtawa ba. Na ce wa ƙanwata, "Ki gaya wa Inna ni kaɗai nake cin abinci. Na gaji."

Ta maimaita. Ina jin kaji a tsakar gida, ina jin Inna ta daina tankaɗe. Na duba ko layi ya yanke.

Sai muryar Inna ta zo daga nesa, a hankali, ba da ni take ba.

"Ki ce wa wancan na ji, kuma raina bai so ba. Amma in na taho, daga ni sai shi a gidan. Da wa zan yi magana?"