Baba Rijiya Ya Nema, Ni Kuma Na Kai Ƙarar Gida Duka

Lokacin da abin nan ya faru, shekarata uku ke nan da fara aikin lauya, ina da ɗan ofis a saman wani shagon fenti a Nasarawa, nan Kaduna. Ni 'yar kudancin jihar ce, kuma ni ce lauya ta farko a danginmu, don haka kaina ya kumbura ba kaɗan ba. Abin da na fi tsana shi ne a ce ai mace ce, za ta yi sanyi. Saboda haka duk wanda ya kawo mini maganar sulhu, kallon rago nake yi masa. A ganina lauyan gaske shi ne wanda in ya miƙe a kotu, hantar cikin ɗaya ɓangaren za ta kaɗa.

Wata Litinin wani dattijo ya hawo benen ofishina yana haki. Mutumin Filato ne, tsohon ma'aikacin masaƙa, Baba nake ce masa. Ya ce zamanin da masaƙa ke aiki, shi da amininsa, wani mutumin Binuwai, sun haɗa hannu sun sayi fuloti guda a Mahuta. Kamar yadda ma'aikata da yawa suka yi a wancan lokacin, takarda ɗaya aka yi, aka sa sunan babban cikinsu, wato Baba. Suka raba filin da igiya, kowa ya yi gininsa, suka haƙa rijiya a tsakiya. Aminin ya rasu ya bar matarsa a gidan. Daga baya babban ɗanta ya zagaye gidan da katangar bulo, rijiyar ta faɗa ciki. Baba ya yi magana, ɗan ya gaya masa mai zafi. Abin da Baba ya roƙe ni bai wuce a buɗe masa hanyar rijiya ba, don matarsa ta gaji da sayen ruwan 'yan garuwa.

Ni kuwa da na ga sunan Baba kaɗai a takardar, sai na ji kamar Kirsimeti ta zo mini da wuri. Na rubuta ƙara ina roƙon kotu ta tabbatar fulotin gaba ɗaya na Baba ne, ta kuma umarci mutanen ɗaya gefen su tashi. Wai dabara ce, in tsorata su. Ƙa'ida ta ce kafin a shigar da ƙara sai lauya ya nuna an nemi sasantawa. To, ni wasiƙa guda na aika musu cike da barazana, sannan na cike fom na ce an gwada an kasa. Takardun duk da Turanci suke, Turancin ma irin namu na lauyoyi. Baba ya tambaye ni ko maganar rijiyarsa na ciki, na ce masa tana ciki. Ya sa hannu ya yi mini godiya har da sa albarka.

Shekara uku muna abu ɗaya. Yau alƙali na taro, gobe ɗaya lauyan ba shi da lafiya, jibi ni ce na tayar da wata jayayya don a san ina wurin. Baba zai hawo Keke Napep biyu daga Mahuta, ya zauna a bencin baya bai jin komai, in mun fito in ce masa an ɗaga. Ɗan fanshonsa a hanya da kuɗin zaman kotu yake ƙarewa. Matar marigayin, wadda kowa ke kira Mama, takan zauna a ƙarshen benci, ko sau ɗaya ba ta taɓa ɗaga ido ta kalle ni ba. Ita da matar Baba zumuntar mata ɗaya suke a coci, amma gaisuwa ta mutu tsakaninsu.

Sai aka kawo sabon alƙali. Ya duba fayil ɗin, ya ce maƙwabta ne fa, ya tura mu sashen sulhu na kotun. Ya kuma ja kunnenmu cewa ɓangaren da ya ƙi zama ba tare da dalili ba, shi zai iya ɗaukar kuɗin shari'ar. Na tafi ina cika ina batsewa.

Mai sulhun wata dattijuwa ce, ba baƙar rigar kotu ba hular gashi, tebur ne kawai da kujeru. Ta tambayi harshen da kowa ya fi ji, aka ce Hausa. Sai ta fara karanto buƙatar kowane ɓangare da Hausa, ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kan maganar a tashi Mama daga gidan, Baba ya ɗaga hannu ya ce a maimaita. Ta maimaita. Ya juyo ya kalle ni, ya kira ni 'yarsa kamar yadda ya saba, ya tambaye ni yaushe ya ce a kori matar ɗan'uwansa. Wayyo! Baba ya cire hularsa, hawaye na zuba, ya ce a hannunsa mijin matar nan ya cika a asibiti, kuma ya yi masa alkawarin zai riƙe masa iyali. Mama ta fashe da kuka, ta ce duk shekarun nan ta ɗauka shi ne yake son ganin bayanta. Ɗanta ya durƙusa ya ba Baba haƙuri. Kafin azahar an gama: za a fasa ƙofa a katangar, a kira safiyo ya raba takardar biyu, kowa da sunansa. Alƙali ya karɓi yarjejeniyar ta zama hukunci.

Da mako ya zagayo na je Mahuta neman gafara. Baba ya yafe mini, ya ce yarinta ce, har ya turo mini wani abokinsa mai neman lauya daga baya. Tun daga nan na sake salon aiki. Ba wanda ke sa hannu a ofishina sai na karanta masa takardar da harshen da yake ji, ya maimaita mini da bakinsa abin da muke nema. Ina fara neman zama da ɗaya ɓangaren da gaske, ba na cike fom ba. Ban talauce ba, aiki ma ƙaruwa ya yi, kuma ina jin daɗin ganin yadda alƙalai da lauyoyi da yawa suka fara ɗaukar sulhu da muhimmanci.

'Yan'uwana lauyoyi, don Allah mu tambayi mutum abin da yake so, mu tsaya a kansa. Ku kuma masu kai ƙara, kada kunya ta hana ku cewa a fassara muku, haƙƙinku ne. Abin da muke rubutawa a ofis cikin minti goma, wani a gidansa yake kwana da shi. A ranar da na je Mahuta neman gafara, Mama ta kama hannuna ta kai ni ɗakinta, ta nuna mini jakunkuna huɗu jere a jikin bango. Ta ce tun ranar da aka fassara mata sammacina ta ɗaure kayanta, tana cirowa tana mayarwa, don kada ranar kora ta same ta ba shiri. Ba ta zage ni ba. Cewa ta yi in kama mata mu kwance su, bayanta na ciwo.