Mota Mai Lamba Biyu

Akwai wata gardama da na saurara duk ranar Juma'a har shekara uku, har ta zame mini kamar ƙarar injin niƙan maƙwabta. Tsofaffi biyu ke yin ta, Turawa, a wani gida da ke arewacin Bronx inda nake aikin jinya. Ɗaya shi ne mai gidan, wanda nake yi wa wanka, in ba shi magani, in tura kekensa. Baba nake ce masa, shi ma ya saba. Ɗayan kuwa abokinsa ne tun ƙuruciya, wani dogo mai ƙaton hanci, tsohon ma'aikacin inshora da bai taɓa yarda da maganar kowa ba sai tasa. A kan mota suke faɗa.

Motar tana gareji an lulluɓe ta da ƙyalle, shuɗiya, ƙirar Jamus, ta kusa shekara talatin a duniya. Wani babban kamfani ne ya yi gangar jikinta. Daga nan wani ƙaramin kamfani ya karɓe ta tana sabuwa fil, ya kwance injin ya sake haɗa shi da kayansa, ya canza giya da birki da salansa, ya manna tambarinsa a hancinta. Baba ya ce waɗannan mutane maƙeran mota ne, hukumar ƙasarsu ma haka ta rubuta su. Abokinsa ya ce ƙarya ne, masu gyara ne kawai da suka iya tsada. Su yi ta yi har shayinsu ya huce, in sake ɗumama musu.

Ni a raina bayan abokin nake, wato Mai Hanci, shi ma kuma ya lura da haka. Mahaifina kafinta ne a Kano, bodin katako yake ɗora wa manyan motoci. A kawo masa ƙarfe tsirara da kai da tayoyi, ya yi wata biyu a kai, motar ta fita da ado kamar amarya, amma ban taɓa jin wanda ya ce Malam ne ya ƙera ta ba. Sunan Baturen da ya yi injin ake kiran ta da shi. Don haka nake ganin wannan magana ta ƙoshi ce. Mutum yana da gida da fansho, dole ya nemo abin da zai hana shi gyangyaɗi.

Ranar da na fara buɗe bonet ɗin don in goge ƙura, sai da gabana ya faɗi. A jikin ƙarfen akwai lambar da ake buga wa kowace mota tun daga masana'anta, amma an bi ta an soke da layi, an buga wata a ƙasanta. A garinmu wannan ma'anarsa ɗaya ce: motar sata. Na rufe bonet a hankali, na shiga ciki na ce, “Baba, wa ya sayar maka da motar nan?”

Ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce, “Zauna, ɗana. Ɓarawo goge lamba yake yi don kada a karanta. Waɗannan layi ɗaya suka ja, suka bar ta kowa ya gani, suka buga tasu. Mai gyara ba shi da ikon buga lamba. Maƙeri ne kaɗai yake da shi.” Ya maimaita mini wannan karatu ya fi sau ɗari a shekarun nan, ina gyaɗa kai ina tunanin abin da zan dafa.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jikin da ya ɗora shi a keke ya sake buge shi, ya tafi da bakinsa. Kalma ɗaya ta rage masa: “A'a.” Da ita yake neman ruwa, da ita yake godiya. Mai Hanci bai fasa zuwa ba. Yakan zauna ya faɗi nasa ɓangaren gardamar, Baba ya ce a'a, shi ke nan an yi hira.

A lokacin saura kwana goma sha tara a kira ni ganawar zama ɗan ƙasa. Matata da 'yata suna Kano. Yarinyar tana goye na baro ta, ga shi har ta shiga firamare, ta waya kawai ta san ni sai zuwa biyu da na yi. In na samu takardar, tahowarsu za ta yi sauri. Lauyar da ke duba mini takardu ta ja mini kunne da kyau: akwai tambayar da za a yi mini, ko an taɓa kama ni, kuma kamu ko na yini ɗaya ne zai iya mayar da komai baya, in laifin babba ne ma har katin zaman nawa ya shiga haɗari. Tun daga ranar ko titi ba na tsallakawa sai fitila ta ba ni hannu.

Abokin zamana a unguwar Parkchester, wani direban tasi ɗan zangon Kumasi, da na ce masa ranar Juma'a zan kai motar Baba binciken lafiyar mota da hukuma ke yi duk shekara, sai ya ajiye cokali. Ya ce, “Massa, bar motan nan sai ka gama interview. Baƙin mutum cikin sports car? Police zai stop ɗin ka, wallahi. Ni na gaya maka.”

Na ce, “Kai dai tsoro ya yi maka yawa. Minti goma ne zuwa garejin da ake binciken, kuma papers ɗin duk lafiya lau suke.”

Takardar binciken za ta ƙare a ƙarshen wata, kuma Baba ya yi kwana uku yana nuna ƙofar gareji da hannunsa mai lafiya yana cewa a'a. Na kasa jure kallon idonsa. Da Mai Hanci ya iso wajen tsakar rana, na bar su tare, na ɗauki makulli.

Ban kai rabin hanya ba na ji jiniya a bayana. Wannan mota ko a hankali kake tafiya gurnani take yi, ita ta kira su. Na gangara gefe, na kashe inji, na ɗora hannuwana biyu a kan sitiyari. 'Yan sanda biyu ne, wani matashi ja da wata mace baƙa mai furfura a gefen kai. Matashin ya karɓi lasin da takardun mota ya koma motarsu. Ya daɗe. Da ya dawo ya ce lambar jikin motar ba ta fito daidai a na'urarsu ba, kuma sunan da ke takarda ba nawa ba ne. Ya ce in buɗe bonet.

Na san abin da zai gani. Na ja wayar da ke buɗe bonet ɗin.

Ya leƙa, ya kira abokiyar aikinsa. Sai na ji ya ce, “Fito. Juya. Hannu baya.” Ankwar tana da sanyi, kuma ta fi yadda nake zato nauyi. Suka zaunar da ni a bakin titi, gaban wani shagon wanki. Ya ce ba kama ni aka yi ba tukuna, tsare ni suka yi har su gane, amma mota mai sokakkiyar lamba babban laifi ce, in ba a samu bayani ba ofis za mu tafi.

Ofis. Can ake ɗaukar hoton yatsu, kuma abin da ya shiga na'ura ya shiga ke nan. Mutane suna wucewa suna kallo. Wata mata da ɗankwali irin namu ta rage tafiya ta dube ni, na sunkuyar da kai don kada ta gane ni ta kai labari masallaci. Ba abin da nake gani sai fuskar 'yata a waya daren jiya, ta ɓalle haƙorin gaba, tana tambaya ko a jirgi ana ba mutum shinkafa. Na yi ta karanta duk addu'ar da ta zo bakina, ina haɗa farkon wata da ƙarshen wata. Tsoro na ji irin wanda ban taɓa ji ba.

'Yar sandar ce ta tsuguna a gabana. Ta ce, “Kana da abin faɗa?”

Sai ga karatun Baba yana fita daga bakina, tiryan-tiryan, da Turancina da ya karkace don firgita. Na ce ranki ya daɗe, ki duba da kyau, lambar farko ana karanta ta. Ɓarawo gogewa yake yi. Kamfani biyu ne suka yi motar nan, na biyun hukumar ƙasarsu ta ba shi ikon buga lambarsa, shi ya sa ya soke ta farko da layi ɗaya. Lamba ta biyu ita ce a takarda, ita ce kuma a ɗan farantin ƙarfen da ke jikin ƙofa. Ina faɗa ina jin kunyar kaina, don shekara uku ina yi wa maganar nan dariya a zuci, yau ga shi ita nake riƙo da hannu biyu, hannun ma a ɗaure.

Matashin ya ce, “Masu gyaran mota ba sa buga lamba.”

Na ce, “Gaskiyarka. Waɗannan ba masu gyara ba ne.”

Matar ta je ta duba farantin ƙofa, ta dawo. Ta ce a ba ta lambar wayar mai motar. Na ce ba ya iya magana, amma akwai abokinsa a gidan. Ta buga, ta buɗe murya kowa yana ji. Mai Hanci ya ɗauka. Ta gabatar da kanta, ta tabbatar an san ni a gidan kuma da izini na fito da motar, sannan ta ce, “Wane kamfani ne ya ƙera motar nan?”

Ban taɓa tsanar muryar mutum kamar yadda na tsani tasa a wannan lokaci ba. Har wani daɗi ya ji, an zo wurinsa. Ya kira sunan babban kamfanin, ya ce su suka yi ta, waɗancan na biyun 'yan kwaskwarima ne, sun taɓa nan sun taɓa can sun manna tambari. Matashin ya dubi matar, ya kama hannuna zai ɗaga ni.

Daga can cikin wayar na ji Baba. “A'a! A'a! A'a!” Yana buga hannun kekensa, ina jin ƙarar.

Na ɗaga murya, ban san ina da sauranta ba. Na ce, “Yallaɓai, ni ne. Ina bakin titi da ankwa a hannuna. Sun ga lamba biyu. In masu gyara ne suka buga ta biyun, tafiya za a yi da ni.”

Baba ya ci gaba da a'arsa. Sai Mai Hanci ya yi gyaran murya, ya ce, “Jami'a, ki yi haƙuri, ra'ayina na faɗa miki. A doka su suka ƙera ta. Lambarsu halal ce. Takardar shigo da motar da wasiƙar kamfanin suna cikin wata jakar fata a ƙarƙashin kujerar direba, ni na sa su da hannuna. Na yi shekara talatin da biyar a inshora, na san abin da nake faɗa. Ku sake shi.”

Jakar tana nan. Suka karanta, suka kira wani jami'i da ya san harkar motocin sata, muka jira shi kusan awa guda ina zaune a wurin. Da ya zo ya haska lambobin da tocila, ya shafa da yatsa, ya ce ya taɓa ganin irinta sau ɗaya. Har ya tsaya yana yaba injin. Aka cire mini ankwa, matar ta miƙo mini lasina ta ce in sha ruwa. Ba a rubuta ni a ko'ina a matsayin kamamme ba. Sallar Juma'a ta wuce ni, binciken ma ban kai ta ba. Na juya da motar ina tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai, na mayar da ita gareji, na shiga banɗaki na yi amai.

Kwana goma sha taran nan ban yi barcin kirki ba. Lauya ta ce in an tambaya in faɗi abin da ya faru yadda ya faru, haka kuma na yi. Jami'in ganawar ya saurara, ya rubuta layi biyu, ya wuce tambaya ta gaba.

Na samu takardar, bayan shekara ɗaya da 'yan watanni kuma matata da 'yata suka iso. Wata Juma'a na kai yarinyar ta gaida Baba. Ta durƙusa har ƙasa yadda uwarta ta koya mata, ya ɗora hannunsa mai lafiya a kanta ya ce a'a, a hankali. Mai Hanci yana kujerarsa da shayinsa. Ya nuna mata ƙofar gareji, ya ce in fassara mata: akwai wata mota a can da wasu masu gyara suka yi wa kwalliya, kuma babanta ya san gaskiya, don da can a bayansa yake.

Ban fassara ba. Na ce, “Yallaɓai, maƙera ne.”

Ya ɗaga gira. “Kai ma?”

Na ce, “Da masu gyara ne, da yarinyar nan tana Kano har yanzu.”

Ya dube ta, ya daɗe yana dubanta. Sannan ya miƙo mini kofinsa ya ce shayin ya huce.