Bappa da Titin Ƙofar Gidanmu

Layinmu na Luggere a da ko akuya takan kwanta a tsakiyarsa ta sha barcinta. 'Yar siririyar kwalta ce, gidajenmu a gefe guda, masallaci da shagon kayan masarufi a ɗaya gefen. Sai da tashin hankalin nan ya yi tsanani, aka kafa shingen bincike a babban titi, motoci suka riƙa yin cunkoso har inda ido ba ya kaiwa, sannan wani direba mai wayo ya gano cewa in ya kutso ta layinmu zai tsallake rabin cunkoson. Allah ya isa tsakanina da shi, ko wane ne. Kafin a ce haka, Keke Napep da tasi da motocin ɗaukar yashi duk sun koyi hanya, kuma kowa da gudu yake shigowa, don ya fanshe lokacin da ya ɓata.

A wannan shekarar Bappa ya zo mana. Ƙanin mahaifina ne, makiyayi tun yana yaro. Da aka tarwatsa ƙauyensu can arewa, a ƙafa ya ratso daji, ya iso Jimeta ba saniya ko ɗaya, daga shi sai rigar jikinsa da sandarsa. Kunnensa ya yi nauyi, amma salla biyar ba ta wuce shi a jam'i. Sau biyar ke nan kullum zai tsallaka titin nan, ya kuma tsallako.

Yadda yake tsallakawa shi ne ya hana ni sukuni. Bappa ba ya duba dama, ba ya duba hagu. Zai ɗaga sandarsa sama, ya sa kai, ya yi ta tafiya a natse. Haka ya saba duk rayuwarsa: in ya ɗaga sanda a bakin hanya, da garke a bayansa, ko tirela sai ta ja birki ta jira ɗan maraƙin ƙarshe ya wuce. Shi a ganinsa sandar ake girmamawa. Na rasa bakin da zan gaya masa cewa shanun ake tsoro, kuma shanun babu su.

Na dai gwada. Na ce, “Bappa, nan birni ne. Ka tsaya su wuce tukuna.”

Ya dube ni kamar na yi saɓo. “Ɓingel am, 'yata, mai mota ba mutum ba ne? Yana da ido. Zai ga tsoho ya taka?”

Mai shagon da ke jikin masallaci wata 'yar ƙabilar Ibo ce, ta fi ni daɗewa a unguwar. Daga kan kujerarta take ganin komai. Wata rana ta tare ni ina dawowa daga ofis, hannu a ƙirji. “Anti, wannan Baba naka zai ba ni hawan jini! Yau Keke ya goge rigansa. Abeg, ka yi wani abu.”

Mun yi. Mijinta mai rubuta allunan shaguna ne, ya samo falle na ƙarfe, ya rangaɗa rubutu da jan fenti: A RAGE GUDU, AKWAI YARA DA TSOFAFFI. Muka kafa a bakin layi, har da tsayawa muna sha'awarsa. Bai yi mako ba 'yan gwangwan suka tumɓuke shi, da allon da ƙafarsa. Mijin nata ya sake yin na katako. Wannan ba a sace ba, sai dai masu neman ƙuri'a suka manne shi da hotunansu, aka bar mu da fuskar wani yana murmushi.

Samarin layi suka ce su tudu za su yi. Suka tara yashi da duwatsu, suka gicciya kututture. Da yamma jami'an tsaro suka tsaya a kai, ransu a ɓace, suna tambayar wa ya ba mu izinin tare hanya a irin wannan lokaci. Ban ga laifinsu duka ba, don a kwanakin nan duk abin da aka gicciya a titi abin tsoro ne. Da hannunsu samarin suka kwashe abin da suka tara.

Jauro, mai unguwarmu, ya raka mu wani ofishi, ni da mai shago. Ma'aikacin ya saurare mu har ƙarshe, sannan ya ce, “Hajiya, ana ta kai wa yake ta kaya? Bam ake fama da shi, ke kina maganar allo.” Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ba ta tsallakar da Bappa titi ba. Na fito ina jin haushin kowa, har da kaina.

Daga nan sai muka koma gadi. Asuba da magariba da isha ni nake riƙe hannunsa, yana fizgewa yana cewa shi ba makaho ba ne. Azahar da la'asar ina wurin aiki, mai shago ce take barin ciniki ta fito ta tsaya a tsakiyar titi tana ɗaga wa motoci hannu. Mace Kirista tana tsare wa tsoho hanyar masallaci, shi kuma yana mita wai ta cika surutu.

Ranar da abin ya faru ta tafi kasuwa saro kaya. La'asar ce. Waɗanda suka gani sun ce ya ɗaga sandarsa kamar kullum. Motar yashi ce, direban ma bai gudu ba, ya zauna a bakin kwata yana kuka. Bappa bai kai asibiti ba. An gudu ba a tsira ba.

Da aka dawo daga maƙabarta, maza suka fito da bencuna daga masallaci, suka gicciya a bakin layi ta nan da ta can, aka shimfiɗa tabarmi a kan kwalta don zaman makoki. Ba wanda ya nemi izini, ba wanda ya zo tambaya. Direba zai taho da gudu, ya hango bencin, ya rage, ya juya a hankali, wani har ya leƙo ya ce Allah ya jiƙan rai. Kwana uku ba mota ko ɗaya. Yara suka fito suna buga ƙwallo a bayan masu gaisuwa, tsofaffi suna tsallakawa masallaci suna hira. Ina kallo ta taga, zuciyata kamar ta fashe. Ashe akwai alamar da suke ganewa.

An cire shingen babban titi tuntuni, gari ya lafa, amma direbobi sun riga sun san layinmu. Har yau ba allo, ba tudu. Tun bayan Bappa an sake fito da bencunan nan saboda mota ta kashe wasu, kuma duk lokacin da aka yi sadakar uku, samari sukan ɗauke su su mayar masallaci.